Ba a Gaida Manomi Daga Kan Keke

Jiya a hanyar Summerfield, nan Amurka, na wuce wani mai keke, ƙamshin ɗanyar ciyawa ya shigo mota, sai marigayi Kawu ya faɗo mini a rai.

Da ƙuruciyarsa ya zaga ƙauyukan Faransa a kan keke, tsakanin gonakin alkama. Yakan ce duk inda ya ga manomi sai ya sauka, domin ba a gaida mai aiki daga sama.

A hanyar nan ya taɓa sa ni tsayar da mota, don ya hango wani Bature yana aiki a gona. Gabana ya faɗi.

"Kawu, nan Amurka ce fa. Idan ya ɗauko bindiga?"

"Kai dai tsoronka ya yi yawa. Buɗe mini ƙofa."

Ya dogara sanda har bakin shinge, ya ce da Hausa, "Sannu da aiki!" Baturen ya kashe tarakta, ya cire hula.

Jiya ma akwai mutum a gonar. Na wuce, raina ya ƙi kwanciya, na juyo. Na sauka, na gaishe shi.

Kawu, Allah ya sa mala'ikun rahama su tarbe ka da sannu da aiki.