Gyaran Da Na Yi Wa Malam Nu'aimu

Na Allah ne mu, kuma wurinSa muka nufa. Malam Nu'aimu ɗan Haushabu, wanda duk Dimashƙu ta sani da Abu Ramla masanin nasaba, ya rasu da hantsin ranar Litinin, shida ga Shawwal, shekara ta ɗari da talatin da biyu bayan Hijira. Kwana ashirin da shida ke nan da dakarun Banu Abbas suka shigo garin nan da baƙaƙen tutocinsu. Shekarunsa saba'in da ɗaya. Ba ciwo ne ya kashe shi ba, takobi ne, kuma a gaban idona.

Ni ne Sinan ɗan Makhladu, ɗalibinsa na ƙarshe. A watan Sha'aban ya ba ni izinin karantarwa. An gaya wa iyalinsa cewa an kashe shi ne don ya ƙi ba da sunayen Banu Umayya. Haka ne, amma ba shi ke nan ba. Sauran labarin yana wuyana. Na je gaisuwa bakina ya ƙi buɗuwa, shi ya sa na rubuta.

Malam, shekara tara na zauna a gabanka. Shekarar da aka yi fari, gurasarka ɗaya kake raba mana mu huɗu, ka ce kai ka ƙoshi, alhali muna jin kukan cikinka. Na ga ranar da wani mai sayar da man zaitun ya kira wata tsohuwa marar asali a kasuwa. Ka tsaya, ka dogara sandarka, ka jero mata kakanni takwas, sannan ka juya ka ce masa, “Kai kuma daga na uku labarin bai da daɗi. In ci gaba?” Har yau bai sake ɗaga mata murya ba.

Kana da wata hanyar koyarwa. Kana cikin jero nasabar wani gida sai ka saka sunan da ba shi ba, da gangan, fuskarka ko gezau. Wanda ya fara gyarawa ka miƙa masa busasshen ɓaure. Wanda ya yi shiru kunnensa ya sha murɗa. “Ko ni ne na yi kuskure, ka tare ni kafin in haɗiye yawu,” haka kake cewa. Na fi kowa cin ɓauren nan. Har kana yi mini ba'a cewa da zan haɗu da Mala'ikan mutuwa sai na tambaye shi sunan kakansa.

Ranar Litinin ɗin, bayan fitowar rana, mutum shida masu baƙaƙen kaya suka zo gidanka. Na bi ka don in riƙe maka hannu. Suka kai mu wani tsakar gida kusa da kogin Barada, inda ake matsar zaitun. An ɗaure mutum goma sha huɗu a jikin bango, wasu jini ya bushe musu a gemu. Shugaban dakarun, wani mutumin Khurasan da ake kira Shiblu, yana zaune a kan dutsen niƙa da kulkin ƙarfe a cinyarsa.

“Tsoho, an ce ka san uban kowa a garin nan, har na jakuna,” in ji shi.

Ka ce, “Na jakuna ban gama ba, sababbi sun shigo kwanan nan.”

Ya yi dariya har da buga cinya. Sannan ya ce ka ware masa jinin Banu Umayya, sauran su tafi gida.

Ukun farko ba su da alaƙa da gidan, ka faɗi gaskiya, aka kwance su aka zaunar da su gefe. Na huɗu shi ne Anbasa mai gurasa na unguwarmu, talakan da bai taɓa taka ƙofar fada ba. Ka dube shi, ka ce, “Wannan ai Anbasa ne ɗan Bishru ɗan Jurjis. Kakansa Barume ne da aka 'yanta.”

Fuskarka ko gezau, Malam. Muryarka ita ce ta zauren karatu. Kafin in san na buɗe baki na ji kaina ina cewa, “Ɗan Abana ne, Malam.”

Kalma huɗu. Ban ma ɗaga murya ba.

Shiblu ya juyo. “Wane Abanan, samari?”

Ka yi maza ka ce, “Rabu da shi, wawa ne. Shekara tara ina fama da kansa kamar dutse.” Amma Shiblu ya san sunayen gidan da yake farauta, kuma Abana yana cikinsu. Ya tashi a hankali ya ɗaga kulkin. Bugu ɗaya kan Anbasa ya dare, jininsa ya fantsamo mini har cikin baki. Sannan ya ce wanda ya yi ƙarya a kan ɗaya ba a yarda da shi a kan saura. Ya sa aka mai da ukun nan jikin bango. Aka bi su duka ɗaya bayan ɗaya da kulki da takobi, suna kiran Allah, suna kiran 'ya'yansu, jini yana bin magudanar man zaitun. A cikin goma sha huɗun, biyar ne kawai Banu Umayya. Tara ba su ba ne. Na san sunayensu duka.

Da ya gama ya ɗora maka takobi a wuya, ya ce ka faɗi waɗanda suka rage a gari. Ka ce, “Na tsufa, ɗan nan. Ko sunan ubana na manta.” Sannan ka dube ni. Na zaci tsinuwa za ka yi. Sai ka ce, “Gyaranka daidai ne, ɗana. Ni na koya maka.” Saran farko ya same ka a kafaɗa, ka durƙusa kana kalmar shahada. Na biyu ne ya ƙarasa.

Shiblu ya goge takobinsa da rigata, ya ce, “Kai mai gaskiya, ka zo ranar Asabar ka ba ni sauran sunayen.”

Yau Alhamis. Jiya na wanke takardunka na nasaba talatin da ɗaya har tawada ta fita tas. Abin da ke kaina ba ya wankuwa. Idan na gudu, gidanka za su zo su tambayi 'ya'yanka, don haka zan je. Ina jin tsoro ƙwarai.

Allah Ya jiƙan ka, Malam. Ya haskaka kabarinka, Ya karɓi shahadarka, Ya rubuta maka ƙaryarka guda ɗaya cikin kyawawan ayyukanka. Ya jiƙan Anbasa da sauran goma sha ukun, Ya raya marayunsu.

Inna Ummu Ramla, Ramla da Umaima 'ya'yan Malam, da iyalin Anbasa, Allah Ya ba ku haƙuri. Yanzu kun san bakin da ya jawo. Ba ni da fuskar roƙon ku yafe mini. Idan Asabar ta wuce ban dawo ba, ku sani ba su sami suna ko ɗaya a wurina ba.