Tudu da Kwari

Maƙabartar ƙauyenmu kashi biyu ce. Akwai tudu, inda ake kai 'yan gari. Akwai kwari a bakin rafi, inda ake kai mu mutanen rinji, waɗanda kakanninmu bayi ne da suka yi wa masu gari noma. Layin aduruku ne ya raba su. Dagaci ke nuna wa masu haƙa inda za su sa magirbi, kuma ban taɓa ganin ya manta ba. Masallacinmu ɗaya, limaminmu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa ake sahu. Sai an mutu ake tuna asalin kowa.

A ƙasar Rogo ne, ba nisa da Ruwan Bago. Kakata Iya Dije ita ce ungozomar garin, ta tudu da ta kwari duka. Sunanta na ci, don haka Takwara take kirana. Da kaka, in an ci tuwo bayan magariba, takan zube mana gyaɗa a tabarma gefen murhu, mu yi ta ɓara tana ba mu tatsuniya. Wanda hannunsa ya tsaya, bakinta ma ya tsaya. Ba ta da fara'a sosai, amma muryarta in ta sauko ƙasa, ko akuya sai ta daina tuƙa.

Wata rana Kawu Sale, ƙanin babana, ya dawo daga kasuwar Karaye da labarin da ya ji a rediyon wani tela. Ya ce akwai wata ƙasa can kudu, Afirka ta Kudu, inda Turawa suka zauna suka yi doka: baƙar fata ƙofarsa daban, bencinsa daban, makarantarsa daban. Ya ce wasu ƙasashe sun fara ƙin sayen kayansu, sun ƙi ko buga ƙwallo da su, sai sun janye dokar.

Iya ta ce, "Har maƙabarta, Sale?"

"Har maƙabarta, Iya."

"Ikon Allah. Ashe muna da dangi a can."

Kwana uku ba ta ba mu tatsuniya ba. A na huɗu ta gyara itace ta ce, "To, ga ta nan tafe da ƙafarta." Muka ce, "Ta iso, mun matsa mata."

Wai wani tafki ne na hankaki da burtu, tun kakanninsu. Sai belbelu suka sauka baƙunta, farare tas, suka ce ruwa kawai za su sha su wuce. Ba su wuce ba. Da suka yi yawa, sai suka ja shingen ƙaya a tsakiyar tafkin. Gefen ruwa mai kyau nasu, gefen taɓo na masu baƙin gashi. Hankaka ya nuna farin ƙirjinsa ya ce ko za a duba, aka ce masa bai isa ba. Suka yi kuka, suka yi faɗa, aka karya wa burtu fiffike. Sai wata tsohuwar burtu ta ce, "Ku tsaya. Me belbela ke ci?" Aka ce fara. "Wa ke tayar mata da farar?" Aka ce shanu, in suna kiwo tana bin ƙafarsu. Ta ce, "To ku je wurin shanu."

Suka je suka roƙi shanu su daina kiwo a bakin tafkin. Wani bijimi ya ce su ba tsuntsaye ba ne, ina ruwansu. Wata saniya ta ce ta ji tausayi ƙwarai, amma ciyawar wurin ta fi ta ko'ina daɗi. Wasu kaɗan suka kaɗa wutsiya suka tafi wani daji mai ƙaya, suka rame. Wasu suka yi rantsuwa a gaban taro sun tafi, suka zagayo ta bayan duhuwa.

Nan ta tsaya. Na ce, "Iya, sai me?"

"Sai ki ɓare gyaɗarki, Takwara. Ƙarshen bai iso wurina ba tukuna."

Ni yarinya ce mai sa ido. Na lura ba mu take kallo ba a ranar, hannayenta take kallo.

A al'adarmu ungozoma ce ke binne mabiyiya, wato abin da ke biyo jariri, a bayan ɗakin mai jego. Babu gida a garin da Iya ba ta durƙusa ta tona ƙasarsa ba. Shekarar da ƙafafunta suka fara kumbura, ta karɓi haihuwar jikan dagaci. Ranar suna aka aiko mata da kasonta na rago da ƙwaryar gero, kamar kullum. Ta ɗora mini ƙwaryar a ka, ta riƙe naman, muka tafi har zauren dagaci. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi gajiyar taro, ta ajiye kayan a gabansa.

"Ranka ya daɗe, canji nake so."

Ya yi dariya. "Dije, naman ne ya yi kaɗan?"

"Kamu shida na ƙasa a tudu. Rafi na cin kwari duk damina, kowa ya sani. Ni na binne cibiyarka, na binne ta ɗanka, jiya-jiya na binne ta jikanka. Ƙasarku ta san hannuna."

Fadawa suka sunkuyar da kai. Ya ce, "Haka muka tarar, Dije. In na buɗe miki, gobe wa zan hana?"

Ta ce, "Kar ka hana kowa, ranka ya daɗe."

Ya ce a mayar mata da namanta.

Da ciwon ya kwantar da ita, Kawu Sale ya ɗauki kekensa ya bi 'yan kasuwa garuruwansu. Kasuwar ƙauyenmu ƙarama ce, baƙi ke raya ta: masu goro, masu gishiri da kanwa, 'yan koli daga wajen Kwanyawa da Karaye. Da yawansu Iya ta taɓa kwana a kan matansu suna naƙuda. Abin da ya roƙa bai fi su ƙi zuwa cin kasuwarmu sau biyu ba, su aika wa dagaci dalili. Wani mai goro, wanda Iya ta juya wa matarsa ɗa a ciki, ya riƙe hannunsa ya ce, "Haba Sale, ƙasa ai ƙasa ce. Mala'iku ba sa tambayar tudu." Kawu ya ce, "To Alhaji, mu yi musanye, a kai ka kwari." Alhaji ya saki hannun.

Mutum biyu ne suka ƙi zuwa, wani maƙeri da wata tsohuwa mai daddawa. Ina ambaton su a addu'a har gobe. Kasuwa ta ci ta cika, ba wanda ya lura ba sa nan.

Iya ta rasu da bazara. An yi mata sallah, sahu ya kai har bakin hanya, masu goro da masu gishiri duk sun zo sun ce mutuniyar kirki ce. Aka kai ta kwari. Damina ta uku rafi ya ɓalle ya kwashe kaburburan kwari. Kawu ya dawo da laka har cinya, ya zauna a ƙofar ɗaki. Abin da suka tsinta sun haɗa sun rufe a rami ɗaya, ba wanda ya san na wa da na wa.

Ina da 'ya'ya manya lokacin da aka ce wariyar can ta faɗi, baƙar fata ya jefa ƙuri'a. Maza suka taru a ƙofar dagaci suna kewaye da rediyo, ana kabbara, ana tsine wa azzalumai. Na wuce da tulu a kaina na ƙare musu kallo ɗaya bayan ɗaya. Ni ban yi boko ba, ko a takarda aka nuna mini ƙasar ba zan gane ta ba. Amma na gane abin da ya faru. Mutanen can sun sha wuya sun mutu shekara da shekaru, sannan waɗanda abin bai taɓa ba suka yarda su yi asara saboda su. A nan ne tatsuniyar ta zauna mini. Da ina yarinya belbelu nake tsana. Da na girma na ga belbela ba ta da ƙarfin komai, shanu ke ciyar da ita. Mai tausayi a baki wanda ba zai bar ciyawa ba, shi ke riƙe da shingen.

Yau an sare adurukun. Ba mai cewa rinji a fili. Cewa ake tudu ya cika, ko kowa a kai shi kusa da iyayensa. Ɗana Habibu ya samu buɗi a Kano, bara ya haƙa wa gari rijiyar burtsatse. Bayan sallah sai ga dagacin yanzu a gidana, jaririn nan da na kai ƙwaryar sunansa, gemunsa ya yi fari. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya rage murya.

"Hajiya, Allah ya ja kwana, amma ke kam mun yi magana. Tudu za a kai ki."

Na ce, "Ni da wa?"

"Ke dai, Hajiya. A hankali ake bin abin."

"Maƙwabciyata Hansai fa, da ba ta da ɗa a Kano?"

Ya dubi ƙasa.

Na ce, "To ka ji da kyau, don kai za a tambaya. Ranar da ka kai Hansai tudu, ka kai ni. In ba haka ba, a haƙa mini a kwari, daf da bakin rafi. Ruwan ya san inda ya kai kakata."