Kukar da ke Lambun Turawa

Wata Asabar ce a daminar shekarar da aka samu 'yancin kai, malamarmu ta jera mu biyu-biyu ta kai mu lambun Turawa na Fatakwal, wanda ta ce har a ƙasashen waje an san da shi. Ni kaɗai ce Bahaushiya a ajin, da aka gama jerin kuwa ni ce na rage babu abokiya. Haka na bi su a baya, takalmina na roba yana ta shan ruwa.

A gida, bayan Kasuwar Creek Road inda Baba yake da teburin nama, Kaka ta fi mako a kwance ba ta cin abin kirki. Ita ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata, tare aka kawo mu daga Arewa. Ta yi mini kitso, ni kuma in ɗebo ruwa a famfo in share tsakar gida, da yamma mu yi 'yar carafke mu biyu, don yaran layinmu ba sa wasa da ni. Garin kuka ana kawo shi ta jirgin ƙasa, amma ita ɗanyen ganye take marmari. "Da zan samu ɗanyar kuka, da na tashi," haka take faɗa kullum, ni kuwa na ɗauki maganar da gaske.

Lambun ya ba ni mamaki, ya kuma ba ni haushi. An aske shuke-shuke kamar kan ɗan makaranta, an jera furanni layi-layi, ga tafki da jajayen kifaye, amma duk faɗinsa babu abin sawa a tukunya. A wurinmu itace ko abinci ne, ko magani, ko inuwa, ban taɓa jin an shuka abu don kallo kawai ba. Can jikin katanga sai na hango wata 'yar kuka siririya, yawan ruwa ya hana ta sakewa, an rataya mata allo da rubutun boko. Wa ke neman izini kafin ya tsinki kuka? Na kwance ɗankwalina na cika shi.

Malama ta ritsa ni. Ta zazzaga mini faɗa da Turanci, ta sa na zubar da ganyen a ƙasa, 'yan aji suna ta dariya. Kunya ta kama ni, amma Kaka nake tunani. Mai kula da lambun, wani dattijo mutumin kudancin Zariya, ya zo da tsintsiya, ya sunkuya ya tambaye ni da Hausa a hankali, "Yarinya, wa za ki kai wa?"

"Kakata, Baba. Ba ta da lafiya."

Da za mu fita ya danƙa mini ganyen a ƙunshe cikin takarda. "Ni ma a gindin kukar nan nake cin abincin rana," ya ce. "Ki gaida tsohuwa."

Da kaina na yi miyar, ba ta fi ludayi biyu ba, na kai wa Kaka ina ba ta labarin 'yar kukar lambun. Kaka ta ci loma uku, ta dube ni ta ce, "Ita kaɗai ce a wurin?" Na ce ita kaɗai. Sai ta ce, "Allah sarki, ita ma kawo ta aka yi." Ba ta tashi ba. Kafin ruwa ya ɗauke aka binne ta a Fatakwal.

Yau ina zaune a Arewa, ga kuka ƙatuwa a ƙofar gidana, jikokina suna wucewa ba sa ko ɗaga kai. Har yanzu ina kewar tsohuwar nan. Duk damina idan na tsinki sabon ganye sai na tuna da waccan ta jikin katanga, in ce ko wa ke zama a gindinta yanzu.