Na Jira Takaba Ta Ƙare

Assalamu alaikum. Rabona da rubutu a nan tun rasuwar Malam Sale, mijina. Masu cewa na yi shiru, ga dalili.

Ina sati na uku da shiga takaba na ji kaluluwa a wuyana. Ba zafi. Sai rama, sai zufa, sai zani ya daina zama a ƙuguna.

Na nuna wa Adda Hawwa, yayar marigayi. Ta taɓa ta ce, "Kuka ne ya cinye ki, Dije. Ki bari ki fita takaba tukuna."

Ni ma haka na ɗauka, mai takaba ba ta taka waje. Na zauna a ɗaki a unguwarmu Jambutu, masu gaisuwa suna raguwa, kaluluwa tana ƙaruwa har hammata.

Da na fita, likita a nan Garwa ya ce, "Madam, ina kike duk watannin nan?"

Na ce ina takaba. Ya rubuta min takardar gwaji.

Aka yanki ɗan nama aka aika Yawunde. Sakamako ya dawo: limfom, kansar kaluluwa. Mahauta abokan sana'ar Malam su suka ɗauki nauyina, don maganin da tsada. Amma tafiya Yawunde ni kaɗai na yi.

Likitar can ta yi min bayani a hankali, don Faransancina kaɗan ne. Ta ce ban da shimiyo, wato maganin kashe kansa, akwai wani ruwa da ake kira ritiksimab. Shi yana gane ƙwayoyin cutar, ya manne musu, sai sojojin jikina su gan su su kashe.

Ranar farko sanyi ya kama ni, haƙorana suna haɗuwa. Nas ta rage gudun ruwan, ta dubi kujerar gefena ta ce, "Mai jinyarki fa?"

Na ce ya rasu.

Sau shida na koma, duk bayan sati uku. Gashina ya zube. Wancan watan aka yi hoto, likita ta ce ba ta ga komai ba, amma za a ci gaba da dubawa.

Alhamdu lillahi. Mahautan Jambutu, Allah ya saka. Adda Hawwa ta zo tana kuka, na ce ba komai, ba ta sani ba ne.

Daga baya na tambayi limamin unguwa. Ya ce takaba ba ta hana zuwa asibiti.

Kaluluwar da ba ta zafi, in ta wuce sati biyu, a kai wa likita. In kuma kina da maƙwabciya mai takaba, kar ki tsaya a "ya haƙuri". Ki tambaye ta jikinta, ki ɗauko mayafi ki raka ta.