Inda Ɗari Yake Kwana

Shekarun da aka samu 'yancin kai ina yaro a Roni, a gidanmu na gindin dutse. Da ɗari ya shigo, ana idar da magariba Kaka Dije, mahaifiyar babana, take hura wuta da karan dawa a ƙofar ɗakinta. Mu jikoki mu kewaye ta, kowa ya miƙa tafin hannu, gyaɗa tana gasuwa a cikin toka. Ni kullum nake ture ƙannena don in samu wajen da ya fi ɗumi.

"Kai angon banza, matsa!" in ji ta. "Miji ne kai ko kyanwa? Kullum a bakin murhu."

"To ke matar, ina tuwona?"

"Tuwonka yana gidan uwarka. Ku buɗe kunne, ga ta ta iso."

"Ta iso mu ji ta, Kaka."

Tatsuniyar da ta fi zauna mini ita ce ta akuya da Ɗari. Wai akuya ta haihu a fadama, sai Ɗari ya sauko daga arewa ya ce da ita, "A nan nake kwana, kuma abin da na tarar kwance nawa ne." Akuya ba ta yi kuka ba. Kullum da asuba sai ta fita tana taka ƙasa, tana jin sanyin kowane wuri a kofatonta. Inda ta ji sanyin ya yi daidai da na jiya, sai ta ajiye tsakuwa. Ƙafarta ta tsage, ba ta fasa ba. A hankali tsakuwoyin suka zama layi, ya kewaye tudu. Ƙasa da layin Ɗari yake shimfiɗa tabarmarsa, sama da shi wucewa kawai yake yi. Ta ɗauki ɗanta ta haye da shi sama, ya rayu.

Kaka takan ja layin da tsinke a cikin toka. "Sanyi ruwa ne," in ji ta, "kwari yake nema. Wanda ya kwana a kwari, shi ya gaya muku."

Kaka ta rasu tun kafin in fara aiki. Da kuɗin fetur suka shigo, na samu aikin tuƙi a ofishin gona a Kazaure. Na sayi fili kusa da fadama, na gina gidan bulo da rufin kwano, na ɗauko Inna, mahaifiyata, daga ɗakinta na ƙasa na sa ta a ciki. Ba zan ɓoye ba, so nake a wuce a ce ga gidan Sale. Ban tambayi kowa yadda wurin yake da asuba ba. Ɗarin bara Inna ta yi ta tari har bazara, ni kuwa ina sayo mata magani ina cewa tsufa ne.

Kwanan baya na ga wata taswira a bangon ofis, da layuka a karkace kamar sawun maciji. Na tambayi malamin gona, ya ce kowane layi yana haɗa wuraren da sanyinsu yake zuwa ɗaya a lokacin ɗari. Ya faɗi sunansa da Turanci, ban riƙe ba. Na tsaya ina kallo har ya ce, "Malam Sale, lafiya?" Da ina yaro na ɗauka labarin wayon akuya ne. Yanzu na gane labarin wadda ta yarda ta fita ta taka sanyin da kanta ne, saboda wanda ba ya iya faɗa.

Washegari na shimfiɗa tabarma a ɗakin Inna na kwana. Kafin kiran salla haƙorana suna haɗuwa, raɓa tana ɗiga daga kwano. Ita kuwa tana dunƙule cikin zane, tana danne tari don kada ta tashe ni.

Na riga na yi magana da magini. A kan tudun bayan gidan kawuna za mu yi mata ɗakin ƙasa mai rufin azara, kuma da hannuna zan kwaɓa. Abokan aiki suna dariya, wai direba ya koma laka. Su yi ta yi. Kafin ɗari ya yi tsanani za ta tare, in Allah ya yarda.

Da na gaya mata, sai ta ce, "Ni fa ban yi maka ƙorafi ba, ɗan nan."

Na ce, "Na sani, Inna. Shi ya sa na makara."