Tsoho da Ƙwallaye Uku

A ɗakin masu tiyatar ƙirji na wani asibiti a birnin Multan, Dilawar ya gaji da kwanciya har ya haddace tarin kowa, don haka sabon maƙwabcinsa yake kallo. Tsoho ne siriri mai gemu ja da lalle, kumatunsa sun saki kamar tsohuwar jaka. Dilawar ya rantse mai busa ne a gidan biki, domin ko a kwance yatsunsa na dannar bargo.

An ba tsohon wata robar motsa huhu mai ƙwallaye uku da ke tashi in an zuƙa, an ce ya zuƙi iska a hankali yana hutawa, in huhu ya buɗe a sallame shi. Shi kuwa zuƙa yake ba ƙaƙƙautawa, kamar yana yi wa angon da ya taho bisa doki busa. Can jiri ya ɗebe shi, ya damƙe ƙarfen gado, gumi na tsattsafo masa.

"Baffa, ɗakin ne ke rawa ko kai?" in ji Dilawar. "Ajiye, ka yi numfashi irin na mutane. Ƙwallayen nan ba inda za su."

"Rufe min baki, ja'iri," in ji tsohon, ido a rufe. "A sana'armu, wanda ya tsaya shan iska, baɗi ba a kiransa."

"To nan wanda bai tsaya ba, shi ake riƙewa."

Tsohon ya daɗe yana hararar robar. Sannan ya ajiye ta a cinya ya jingina, yana hutawa a sace, kamar mai tsoron kada ubangida ya gani.