Waƙar Sau Bakwai ta Malama Afiniki

Shekara goma sha ɗaya Malama Afiniki ta yi tana koyar da aji uku a wata firamare kusa da Kachia. Uwarta manomiyar citta ce, kuma da karin waƙar da mata ke yi wurin fere citta Afiniki take koya wa yara lissafi. Ko yaron da Hausa ba ta zauna masa a baki ba, mako guda ya ishe shi ya haddace jadawalin sau bakwai.

Wata rana sufeton makarantu, Mista Dogara, ya tarar ana tafi a ajin. Ya balbale ta da faɗa a gaban yara, wai aji ba filin rawa ba ne, ya rubuta cewa ba ta san aikinta ba. Takardar nan ta hana ta ƙarin girma har sau biyu, amma ba ta daina ba.

A 1977 aka tara malamai a Kafanchan, don kwas kan sa waƙa da zane cikin darasi. Mai koyarwar ya kunna rikoda ya ce, "Ku ji yadda gwanaye suke yi." Sai Afiniki ta ji muryarta da ta yara suna rera waƙar sau bakwai. Ajinta ne! Wani baƙo ne ya ɗauka bara, kuma ko sunanta ba a ambata ba.

Dogara na layin gaba, ya fi kowa tafi. Ya waiwayo ya ce, "Malama, buɗe kunne ki koya."

Ta miƙe tsaye. "Ranka ya daɗe, muryar da kake wa tafi, ita ce ka rubuta ba ta san aiki ba."